Matar da Ba Ta Magana a Littafinsa

Ranar da edita ta dawo masa da rubutunsa, dattijon ya zauna a ɗakin jira na kamfanin buga littattafai, kusa da wata mata mai jiran nata.

"Baba, jan biro ne ya yi yawa?"

"Ina ma a ce shi ne. Littafi na rubuta a kan marigayiya matata. Editan nan, yarinyar da na girmi ubanta, ta ce wai matar ba ta magana. Daga farko har ƙarshe ni ke surutu, ita sai 'to'."

"Allah ya jiƙanta. Ai gyaran mai sauƙi ne, ku sa mata maganganunta."

"Mace ce mai kunya."

"Ni ma haka maigidana yake gaya wa mutane. Idan ta kawo muku abinci, me take cewa?"

"Takan tsaya a bakin ƙofa, ta ce tana da magana."

"Sai ku ce me?"

"In ce bari in ƙare shafin nan."

Aka kira matar, ta shiga. Ya zauna da takardun a cinya. A tsawon zamansu da marigayiyar, shafuka sun ƙare ba iyaka, amma bai taɓa ɗaga kai ya ce mata "Ina jin ki" ba.