Minti Goma Sha Uku

A tashar bas ta Al Nahda, can ƙasar Larabawa, na ji su, wani saurayi yana haki, dattijo yana zaune.

"Baba, ta wuce?"

"Minti biyu ke nan."

"Khalas, shi ke nan, yau manaja zai kore ni."

"Kwantar da hankalinka. Wani kafinta a Jamus ya fi wata guda yana fafe ginshiƙi, ya dasa wa Hitler bam. Ranar, mutumin ya gama jawabi da wuri ya fice. Sai bayan minti goma sha uku abin ya tashi."

"Da taronmu na Kano ne, ko buɗewa da addu'a ba a yi ba. Kafintan fa?"

"Sun kashe shi."

"Baba, don Allah kar ka ƙara lallashin kowa."