Waƙar Odessa a Bakin Bature

A tashar bas ta Memphis, a Amurka, rediyo na sa wata tsohuwar waƙa. Wata budurwa tana bin waƙar, sai tsohon da ke gefenta ya ja tsaki.

"Baba, lafiya? Baturen nan fa ya iya waƙa."

"Ya iya kwaikwayo dai. Waƙar yayata ce, Odessa. A cocinmu ya ji ta."

"To ai ya kai ta duniya."

"Ya kai. Ranar da ya zo wasa garin nan, Odessa ta ci ado ta tafi. Mai gadi ya ce baƙar fata ba ya shiga."

"Ba wanda ya gaya wa Baturen waƙarta ce?"

"Gaya masa? 'Yata, ni da bakina na koya masa baitin ƙarshe."