Jan Zaren da ke Hannun Asama'u

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Alƙali, Malam Liman, wakilin En'e da ya taho daga Birnin Kebbi, dagatai, 'yan'uwanmu da suka ƙetaro daga Dahome, iyalan mamaci, assalamu alaikum.

An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa da Malam Gidaɗo, malamin ɗakin maganinmu na Bagudo. Zan yi, amma a yi mini haƙuri, na gaji, kuma ba yabo kaɗai na taho da shi ba.

Ya kasance mutum mai tambaya har ya gundure ka. Ka zo ido na zubar ruwa kana son a ɗiga maka ka koma gona, shi kuwa sai ya zaunar da kai. An taɓa yi maka allurar fenisilin? Jikinka ya yi borin jini? Ka taɓa shan farar ƙwayar salfa leɓenka ya kumbura? Sai ya ji amsa kafin ya miƙa hannu. In salfa ba ta karɓe ka ba, ya ajiye kwalbar ɗigon, ya matsa maka man ido mai ruwan ɗorawa. Sannan ya ɗaura maka jan zare a wuyan hannu, ya ce ko Sakkwato ka je, ka nuna shi ka yi bayani kafin a taɓa idonka.

Zaren farko a hannun matarsa Asama'u ya ɗaura shi. Tana amarya ta yi ciwon ido, ya ɗiga mata na salfa, idanun suka kumbura suka rufe ruf, aka ɗauki kwanaki ana jan ta da hannu. Na hagun bai koma daidai ba har yau. Daga bakin zanenta ya zaro zaren.

Ya kasance mai hana a tafi da kwalbar ɗigo gida, muka sa masa marowaci. Mun san halinmu: kwalba ɗaya ta shiga gida, sai ta zaga unguwa, ta hau jirgin ruwa ta ƙetare Kwara. Wani makiyayi, Ango, ya taɓa kawo masa wata da ya sayo a kasuwar ƙetare, rubutunta na Faransanci. Malam ya juya ta, ya ce shi bai san abin da ke ciki ba, abin da bai sani ba kuwa ba ya shiga idon mutum. Ango ya tafi yana faɗa. Mako na zagayowa ya dawo da 'ya'yansa a duba su.

Ya kasance shi kaɗai. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta ta 'yancin kai aka yi masa alkawarin mataimaki. Wakilin En'e yana ji na, har muka kai Malam makwancinsa bai ga mataimakin ba.

To, ga abin da ya hana ni barci. Asama'u tana cikin takaba, kuka ya jawo mata ciwon ido. Masu zuwa gaisuwa suka tausaya, wata ta kwance bakin zane ta fito da kwalba ta ɗiga mata. Ba zan kama suna ba, alheri ta nufa. Zaren yana hannun Asama'u, a gidan wanda ya ɗaura shi, ba wanda ya duba. Yanzu haka tana bayan zanan can tana jin mu, ba ta ganin kowa, kuma idon da ya rage mata ne ya kumbura. Gobe za a kai ta asibiti.

Na tambaye ta don me ba ta hana ba. Ta ce, "Da can Malam ne ke hana mini. Ni kunyar baƙi na ji."



Asama'u, ki yafe mana. 'Ya'yan Malam, ku tsaya a ƙofar uwarku, ku yi rowar da ubanku ya yi, ko ni na zo da kwalba ku mai da ni. Masu jan zare a cikinku, kada ku tsinke, mai tuna muku ya tafi.

Mun gode wa kowa da ya taka ƙafa ya zo. Allah Ya jiƙan Gidaɗo, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa dangana. Ya Allah, Ka buɗe wa Asama'u idon nan ɗaya. Amin.