Guga a Tsakiyar Hamada

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Habibu daga Mesaimeer, nan Doha, kuma da ɓacin rai na rubuto.

Hutun da ya wuce abokin aikina ya ara mini tirelarsa ta kwana, muka tafi hamada ni da matata da ƙanena Sani, wanda ya zo karatun digiri na biyu. Can babu wuta sai batiri ɗaya da sola ke cikawa a hankali, kuma shi ke riƙe da firjin da nake ajiye allurar ciwon sukarina. Tun a hanya na ce, “Sani, fitila da firji kawai.”

Da safe muka fita zagayawa ni da matata. Kun san halinmu na gida: da an ga wuta, a jona komai kafin a ɗauke. Sani ya jona butar shayi, sannan ya goge kaftaninsa. Guga, Malam, a cikin rairayi! Wa zai gan shi, raƙuma?

Da azahar muka dawo, firji ya mutu, allurar ta dahu. Na nuna masa, sai ya ce, “Haba Yaya, ai za a dawo da ita.”

Wa zai dawo da ita? Haka muka nufi asibiti. Batirin kuwa bai ƙara riƙe caji ba, na kasa haɗa ido da mai shi.

Masu sauraro, yaya zan yi da wannan ɗan'uwa? Har yau bai ba ni haƙuri ba. Amma dai a asibitin nan, babu wanda ya kai shi tsaf.