Ranar da na tsorata Baba Haruna a kan riyal ɗari biyu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Ku yabi Ubangiji! Ku amsa a hankali, kun san bangon nan ba shi da kauri.

Saboda waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, sunana Ishaya. Makaniki ne ni a wani kamfanin sauke kaya kusa da tashar jiragen ruwa, a Khumra nake kwana. Shekara shida ke nan ina jan waƙa a wannan ɗaki kowace Juma'a. Shaidar da zan bayar ba mai daɗin faɗi ba ce. Mako uku ina cewa sai wata Juma'ar.

Kun san ba ma ajiye mota a ƙofar gidan nan, don kada maƙwabta su fara ƙirga mu, tunda ba a yarda da taron sujada irin namu a ƙasar nan ba. Ni nakan bar a-kori-kurar wurin aikinmu a wani fili can bakin titi a Sharafiyya, wanda wani kamfani mai zaman kansa yake kula da shi. Ka yanki tikitin awa biyu. In ka wuce lokaci su ɗaure maka taya da sarƙa, sai ka biya tara. An rubuta a allo, kuma na sani sarai.

Ranar nan mun daɗe. Ni ne ma na jawo, na ƙara waƙa biyu. Muka fito tare da Mama Rifkatu, nas ɗinmu, ga ta can zaune, don ni nake sauke ta a masaukinsu. Muna isa na ga sarƙa a taya, ga takarda a gilashi: riyal ɗari biyu.

Mai gadin filin wani tsoho ne, Baba Haruna, mutumin Damagaram. Aikin Hajji ya kawo shi tun da daɗewa, bai koma ba, ba shi da takardar zama. Da bakinsa ya gaya mini, don mun saba, mukan gaisa da Hausa. Har shayi ya taɓa zuba mini.

Na ce, “Baba, mene ne haka? Ni za ka ɗaure wa mota?”

Ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗana. Mai zagayen kamfani ne ya zo ya ɗaure, ya rubuta lamba. In na buɗe ba rasit, daga albashina za a cire.”

Na ce minti arba'in ne kawai. Na ce allonsu ya koɗe. Na ɗaga murya. Shi dai haƙuri yake ta ba ni.

Sai na ciro waya daga aljihu. 'Yan'uwa, ku ji abin da bakina ya faɗa. Na ce, “Baba, ina iƙamarka, takardar zamanka? Yalla, maza buɗe, ko yanzun nan in kira jawazat, 'yan shige da fice, su zo su duba takardunka.”

Ko lambarsu ba ni da ita!

Tsohon nan ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, sau biyu makulli yana faɗuwa. Yana cewa, “Halas, shi ke nan. Ka yi wa Allah.” Ya kwance sarƙar. Na shiga mota na ja, har ina jin na yi nasara.

A hanya na yi ta yi wa Mama bayani, kamfanonin nan macuta ne, ba 'yan sanda ba ne, ba su da iko a kan kowa. Muka isa masaukinsu. Ta sa ƙafa ɗaya a waje, ta juyo ta ce, “Ishaya, bakin da ya ja mana waƙa ɗazu ne wannan? Kai da in an ƙwanƙwasa ƙofa muna addu'a, cikinka ke fara ɗurar ruwa?”

Ta rufe ƙofa ta tafi.

Kwana biyar ina kokawa da maganar nan. Abokan aikina suka ce kada in kuskura in biya, takardar banza ce, in yayyaga. Na so in yarda da su. Riyal ɗari biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai aika wa iyali kuɗi gida. Ga kuma wani tsoro: in na je ofishinsu, za su ga sunan kamfaninmu a takardar mota. In suka kira kafilina, shi da zamana a ƙasar nan yake hannunsa, ya tambaye ni abin da motarsa take yi a Sharafiyya da safiyar Juma'a, me zan ce? Sai na riƙa gaya wa kaina wai don in kāre ku ne na ƙi zuwa. Ƙarya nake yi. Kunya ce da rowa.

Ranar Laraba da rana, an tashi cin abinci, na zagaya bayan wata kwantena in yi addu'ata ta kullum. Kun san ta, duk muna yin ta: Ubangiji ya rufa mana asiri, ya kawar da idon masu kai ƙara. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Da wane baki? Abin da nake roƙon kada a yi mini, shi na ɗauka na ɗora a wuyan tsoho. Na zube a ƙasa da kayan aikina duk baƙin mai, na yi kuka kamar yaro. Na ce, “Ya Yesu, ban san akwai wannan mugunta a cikina ba. Ka cire ta. In aikin ne zai tafi, ya tafi.”

Na kira Mama, don abin ya shafe mu duka. Ta ce, “Je ka biya. Allahn da ya ɓoye mu shekara da shekaru, rasit ɗin mota ba zai gagare shi ba.”

Washegari na je. Baba Haruna na hango motata, ya tashi da gudu. Tsoho mai furfura, 'yan'uwa, yana gudu saboda ni! Na same shi a tsugune bayan wata bas. Na ɗaga hannuwana ya ga ba kowa tare da ni. Na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, na zo biya ne. Na zo neman gafara.”

Ya dube ni. Sannan ya ce, “Tun ran nan ban kwana a ɗakina ba. A bayan wani sito nake shimfiɗa kwali. Duk motar da ta tsaya sai in ce su ne.”

Muka shiga ofis tare. Na biya, na tsaya har aka soke abin da aka rubuta a kan albashinsa. Akawun ya buga hatimi ya miƙo mini rasit, ko kai bai ɗaga ba. Har yau babu wanda ya kira kafilina. Ku yabi Ubangiji!

Da muka fito, Baba ya riƙe hannuna ya ce, “Na yafe, ɗana. Amma kada ka ƙara yi wa wani. Wanda ba shi da takarda, tsoron da yake ciki ya ishe shi.”

Na juya zan tafi, sai ya ƙara da cewa, “Kuma ka kwantar da hankalinka. Shekara nawa ina ganinku kuna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga lungun can kowace Juma'a. Na san abin da kuke yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ba kuma yanzu zan fara ba.”

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

Ashe shi ma yana da sandan da zai buge ni da shi. Ranar da na sa shi ya durƙusa, kalma ɗaya zai faɗa, da yanzu ba ma zaune a nan. Bai faɗa ba. Da tsohon nan Allah yake tsare mu, ni kuwa na taka shi.

Ban fito wanke kaina ba. Har yanzu in muka gaisa, ba na iya haɗa ido da shi. Amma na gode wa Yesu da bai bar ni da wannan zuciya ba, na gode masa da bai sāka mana gwargwadon abin da na yi ba. Ku sa Baba Haruna a addu'a, da sunansa.

In akwai wanda ka taka don ka ga ba shi da mai tsaya masa, kada ka kai kwana biyar kamar ni. Tashi ka je. Abin da kake tsoro, bar wa Ubangiji, ya isa ya riƙe.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.