Ledar Maganin Rabi

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sale tela, daga unguwar Derrière la Prison a nan Libreville.

Ranar Lahadi muna kallon wani fim a gidan maƙwabcina, na magidancin da ya sayar da gonarsa saboda jinyar matarsa. Wani ya ce ƙarin gishirin 'yan fim ne. Wannan maganar ce ta sa na rubuto.

Shekarar da aka karya darajar sefa, matata Rabi ta kwanta asibiti. A nan likita ordonans, wato takardar sayen magani, kawai yake rubuta maka, kai za ka je farmasi ka sayo. Magani ya ninka kuɗi. Abin da na tara don sabunta katin zama, shi na kwashe na saya mata.

Ina hanyar komawa da ledar a hannu, 'yan sanda suka tare tasinmu suna duba takardu. Katina ya ƙare. Na nuna musu ordonans, na haɗa su da Allah su bar ni in miƙa in dawo. Kwana uku na yi a tsare. Da na fito, 'yan'uwa na unguwar Mont-Bouët sun riga sun yi mata sutura sun kai ta.

Ledar tana nan ƙarƙashin keken ɗinkina, ban taɓa kwance ta ba. Yanzu 'yarmu ta yi wayo, ta fara tambayata maganin waye. Jama'a, ku ba ni shawara, me zan ce mata?