Jawabin Uban Amarya a Lasifika

A tashar motar birnin Duluth na Amurka, Darlene ta gaji da kawar da kai. Ta taɓa dattijon da ke gefenta, kwamfuta a cinyarsa, abin sauraro a kunne.

"Yallaɓai, duk tashar nan muna jin ka."

"Ni da ƙyar nake ji, Madam. Abin kunnen ya tsufa."

"Lafiyarsa lau. Ta lasifika muryar ke fita, kai kuma sai ƙarawa kake. Danna alamar sauti can ƙasa, ka zaɓi abin kunne."

Ya danna. Tashar ta yi tsit.

"Me kuka ji?"

"Duka, mun kusa haddacewa. Jawabin bikin 'yarka Noreen, ko?"

"Muryata na naɗa, ina bita. Ba ta ma ce in yi magana ba tukuna. Mijin uwarta ne zai riƙe hannunta a coci."

"To, cire inda ka ce uwarta ce ta raba ku."

"Ai gaskiya ce!"

"Ni ma gaskiyar na faɗa a bikin ɗana. Har yau a hoto nake ganin jikokina."

Sai ya zare abin kunnen, ya mayar da sautin lasifika.

"Sake saurara, ki gaya min me kuma zan cire."